Dafin kunama a famfon feshi: ina gaskiyar take, ina ƙarin gishirin?

Wata magana ta daɗe tana yawo a WhatsApp da TikTok, wai dafin kunama ya fi zinari tsada, wai galan guda dala miliyan 39, kwanan nan kuma anka ƙara mata wani reshe, wai Turawa sun gano cewa wanga dafi shi ne maganin ƙwari na gaba, wanda zai kori duk gubar nan da muke fesawa a gonaki. Da jin haka sai ka ga matasa sun fara lissafi, wai ai kunama gare mu kamar ƙasa, ɗaga dutse kawai za ka yi ko ka motsa tarin kara, me zai hana a fara kiwo. To jama'a maganar nan akwai gaskiya a cikinta, gaskiya mai ban sha'awa ma, amma ba a inda masu turo bidiyon ke nunawa take ba.

A fara da abin da ba a musu a kai. Kunama mafarauciyar ƙwari ce, abincinta kenan, gyare, kyankyaso, gara, fara, duk abin da ta iya riƙewa da hannuwanta. Kuma ba jiya ta fara ba, burbushinta da masana sunka tono cikin duwatsu ya haura shekara miliyan 400. Nau'o'inta sun wuce 2,500 a duniya, amma waɗanda ke iya kashe mutum ba su wuce talatin ba, kusan dukansu dangi guda ne da ake kira Buthidae. Shi kuma dafin ba abu guda ba ne kamar yadda muke zato, haɗi ne na ƙananan furotin iri-iri, gommai ko fiye, ko wanne da aikinsa. Wasu na kare kai ne, su ne ke sa ka kwana kana juyi in ta harbe ka a ƙafa, wasu kuma na farauta ne zalla, ƙwaro kawai suke kamawa.

Yadda suke aiki kuwa, a jikin jijiya akwai wasu 'yan ƙofofi da ido bai gani, suna buɗewa su bar sinadarin sodiyam ya shiga su sake rufewa cikin ƙiftawar ido, wannan buɗewa da rufewar ita ce saƙon da ke tafiya daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa ko fiffike. Duk wanda ya yi ban-ruwa a fadama ya san abin, ka buɗe bakin kwami ruwa ya shiga ka toshe ka wuce na gaba, in wani ya zo ya hana bakin toshewa to shukar ta nutse, in ya hana shi buɗewa ta bushe. Haka dafin ke yi wa ƙofofin nan. Mutum na da su, akuya na da su, ƙwaro ma na da su, sai dai fasalin na ƙwaro ya ɗan bambanta da namu, kuma wagga 'yar bambancin ita ce duk jarin wannan bincike.

Wanda ya fara fito da abin fili wani masani ne ɗan Isra'ila, Eliahu Zlotkin, shi da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa, a 1971. Sun ɗauki dafin wata muguwar kunama ta Arewacin Afirka mai suna Androctonus australis sunka rarrabe shi, sai sunka samu wani ɓangare da in an yi wa tsutsar ƙuda allurarsa nan take take ƙanƙancewa ta sandare, amma in an yi wa ɓera ko gezau. Shi ne ake kira AaIT har yau, ɗan ƙaramin furotin ne mai ɗigon amino 70, wato 'yan tubalan da ake gina furotin da su. Daga baya anka gano wasu irin nasa a jikin jar kunamar hamadar Gabas ta Tsakiya Leiurus quinquestriatus, su kuma maimakon su sandarar da ƙwaron sai su saki jikinsa ya yi laƙwas a hankali har ya mutu. Wato dai iri biyu, mai ɗaurewa da mai sakewa.

Me ya sa abin ya kamata ya dame mu a nan Kebbi? Saboda mun san halin da muke ciki da maganin feshi. Manomin albasa a Aliero, mai shinkafa a fadamar Argungu ko Suru, mai wake a tudu, kowa zai gaya maka maganin da murfi guda ke isa a da yanzu sai ka zuba biyu ko uku, wani ma ya haɗa iri uku cikin famfo guda ya ce ko Allah zai sa. Mun ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016 a Kano da Kaduna da sauran wurare, ana fesawa tana ci, a shekarar ne kuma tsutsar masarar nan mai cin zuciyar shuka ta fara ɓulla a Najeriya, daga nan ta watsu Afirka. Ga kuma fiya-fiya da ake zuba wa wake a sito, wanda ragowarsa a jikin waken ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015. Shi mai feshin kansa kuma ba takunkumi ba safar hannu, da silifas, iska na maido masa da feshin a fuska. Don haka in an ce ga abin da zai kashe ƙwaro bai taɓa mutum ba, dole kunne ya tashi. Ƙarin abin sha'awa, magunguna irin su saifametirin da ake sayarwa ko'ina a kasuwanninmu su ma waɗancan ƙofofin sodiyam ɗin suke kai wa hari, kuma ƙwari da yawa sun riga sun sauya fasalin wurin da maganin ke kamawa shi ya sa bai jin su, amma dafin kunama wani gefe daban na ƙofar yake kamawa, to ka ga akwai fatan ya yi aiki inda wancan ya gaza.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsala ta farko yawa. Kunama guda in anka tatse ta, galibi da ɗan lantarki ake tsikarar wutsiyar, abin da take bayarwa bai wuce miligiram 1 ko 2 ba, sau da yawa ma bai kai ba, kuma sai ta huta makonni kafin a sake. Yi lissafi da kanka, giram guda tal yana son kunama ɗari biyar in an yi sa'a, in ba a yi ba dubu ko fiye, sannan shi ɓangaren da ke kashe ƙwarin ɗan ƙaramin kaso ne cikin wannan giram ɗin, sauran har da mai illa ga mutum. To kadada nawa za ka fesa da shi? Wancan farashi na miliyoyin daloli kuma ba wai akwai wanda ya taɓa zuwa da galan ya karɓi kuɗin ba ne, ɗakunan bincike da masu haɗa maganin harbi miligiram-miligiram suke saye, wanda anka busar da injin na musamman kuma anka tabbatar da nau'in kunamar da takarda, sai wani ya ɗauki farashin miligiram ya ninka har ya cika galan a kan takarda. Shi ke nan asalin lambar. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin horo zai koya maka kiwon kunama, tambaye shi sunan mai saye guda ɗaya da kuma ko shi ya taɓa sayarwa, za ka ji ya fara kame-kame.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, kuma ita ce ta cinye wa masana shekaru hamsin. Kunama ba fesa dafinta take ba, allura take yi, ƙarinta ne ke huda jikin ƙwaron ya kai dafin ciki. In ka fesa shi a kan ganye, jikin ƙwaro na da ɓawo mai maiƙo wanda furotin bai iya ratsawa, in kuma tsutsar ta ci ganyen, cikinta zai narkar da mafi yawansa kamar kowane abinci tun kafin ya kai jijiya. Ga rana, wadda ke lalata irin waɗannan sinadarai. Wato ko da a ce kana da jarka cike da dafin ka juye a famfo, kusan asara ka yi, sai dai ka jawo wa kanka haɗari in ya shiga ido ko wani rauni a hannu. Shi ya sa tun tuni masana sunka daina tunanin tatsar kunama, abin da suke ɗauka daga gare ta shi ne ƙwayar halittar da ke ɗauke da umarnin haɗa wannan furotin, su saka ta cikin wata halitta da ta iya shiga jikin ƙwaro da kanta, ita ta haɗa dafin a can ciki.

Gwaji na farko da bairos anka yi. Akwai wani dangin bairos da ke kama tsutsotsi kawai, tun da can ana amfani da shi a matsayin maganin ƙwari, aibinsa jinkiri, sai tsutsa ta yi kwanaki tana cin ganye kafin ta mutu, manomi kuma so yake ya fesa da safe ya ga gawa da yamma. A 1991 ƙungiyoyin masana a Ingila da Amurka sunka saka masa AaIT, lokacin kisan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ɓarnar ganye ma ta ragu sosai don tsutsar na daina ci da wuri. A 1993 anka gwada shi a fili kusa da Oxford a kan kabeji, ya yi aiki, har ma anka lura cewa tsutsar da ta sandare faɗowa take daga kan shukar, don haka bairos ɗin bai yaɗuwa da yawa kamar na asali, wanda ta fuskar tsaro abu ne mai kyau. Manyan kamfanonin Amurka irin su DuPont da American Cyanamid sun yi nasu gwaje-gwajen a shekarun 1990. Amma abin bai kai shago ba. A Ingila mutane sun tayar da jijiyar wuya, ka ce musu bairos mai dafin kunama an sake shi a gona, ai ko ba su san komai ba sunan kaɗai ya isa ya tsorata su, sannan a 1996 audugar Bt da masarar Bt, wato masu ɗauke da furotin ɗin wata bakteriya mai kashe tsutsa da ake kira Bt, sunka shigo kasuwa sunka magance tsutsotsin da ake nema a kashe ta hanya mafi sauƙi, ga sababbin magungunan feshi masu arha. Kamfani kuma riba yake bi.

Hanya ta biyu, wadda ni a ganina ta fi dacewa da irin ƙasarmu, ita ce fumfuna. Akwai wata fumfuna mai suna Metarhizium da ke zaune cikin ƙasa, in ƙurarta ta sauka a jikin ƙwaro sai ta tsiro ta huda ɓawon ta shiga, ba sai ya ci ta ba. Ba baƙuwa ba ce a Sahel, wani nau'inta ne anka yi maganin fara mai suna Green Muscle da shi, wanda anka gwada sosai a Nijar a shekarun 1990. A 2007 Raymond St. Leger na Jami'ar Maryland da Chengshu Wang sunka saka mata AaIT ta yadda ba za ta fara haɗa dafin ba sai ta shiga jinin ƙwaron, ƙarfin kisanta ya ninka sau 22 a kan wata tsutsar taba, sau 9 a kan sauron da ke yaɗa shawara. A 2011 kuma St. Leger da abokan aikinsa sunka zo da wata dabara daban, sunka saka wa fumfunar wani furotin mai suna scorpine wanda masana a Meziko sunka samo daga ƙatuwar baƙar kunamar nan ta dazukan Afirka ta Yamma, Pandinus imperator, dangin abin da muke kira duwu. Shi wannan ba sauron yake kashewa ba, ƙwayar maleriyar da ke cikin sauron yake kashewa, kuma da anka haɗa shi da wani furotin ƙwayoyin cutar da ke isa bakin sauron sun ragu da kashi 98 cikin 100 a ɗakin gwaji. Mu da binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da anka gwada suna ɗauke da ita, ai wannan ba labarin nesa ba ne.

Sai dai a nan ne kunama ta fara rasa matsayinta, gizo-gizo ya sha gabanta. Da anka jera dafuka iri-iri ana gwadawa cikin fumfunar, na wani gizo-gizon Ostareliya ya fi AaIT ƙarfi, shi ya sa babban gwajin da anka yi a ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, tare da masanin ƙasar Abdoulaye Diabaté, wanda anka buga sakamakonsa a 2019, da dafin gizo-gizo anka yi shi. Cikin wani ƙaton gida da anka rufe da raga, sauro ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 a kwana 45. Haka ma a kasuwa, maganin feshin da ya fito daga dafi har ya samu rajista a Amurka a 2014, mai suna Spear na kamfanin Vestaron, na gizo-gizo ne, kuma ba wanda ke tatsar gizo-gizo, yis ne ke haɗa furotin ɗin cikin manyan tankuna a masana'anta. Ko shi ma in tsutsa za a kashe sai an haɗa shi da Bt, ita Bt ta huda cikin tsutsar shi kuma ya samu hanyar wucewa. Akwai kuma masu ƙoƙarin manna dafin kunamar Indiya da wani furotin na tsiro wanda ya iya ratsa hanjin ƙwaro, a Jami'ar Durham ta Ingila, 'yan Cana su kuma sun gwada saka furotin ɗin dafin kunama cikin auduga. Duk suna nan a matakin bincike. Fiye da shekara hamsin bayan Zlotkin, manomin Jega ko Yauri ba shi da wata kwalba a shago da zai nuna ya ce wannan daga kunama take.

Yanzu bari in taɓo abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda ake cewa ai na asali ne, daga halitta yake, don haka ba shi da illa. Dafin gamsheƙa ma ai daga halitta yake. Abin da binciken ya nuna shi ne wani ɓangare guda da anka ware bai taɓa masu shayarwa, ba ɗanyen dafin gaba ɗaya ba. Sannan ko shi wancan ɓangaren, cewa yana kashe ƙwari kawai ba yana nufin ya san ƙwaron kirki da na banza ba, zuma ma ƙwaro ce, zanzaro da sauran masu cin tsutsa a gona ma ƙwari ne, jijiyarsu iri guda da ta mai ɓarnar. Abin da ke tsare su shi ne abin da ya ɗauko dafin, in bairos ɗin tsutsa kaɗai yake kamawa to zuma ta tsira, in fumfunar mai kama kowa ce to akwai magana. Mai noman kankana da kabewa ya san in ba zuma ba 'ya'ya. Kuma kada wani ya ce ƙwari ba za su saba da shi ba, sun saba da DDT, sun saba da Bt a wurare da yawa, duk abin da ka yi ta fesawa shi kaɗai shekara da shekaru wata rana zai daina ji.

Ga kuma abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa, wataƙila ma ba su lura ba. Kusan duk hanyoyin nan da na lissafa sauya ƙwayar halitta ne, abin nan da ake kira GMO. Mutumin da ya turo maka bidiyon dafin kunama yau yana murna, shi ne jiya ya turo maka sautin murya cewa waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019 makirci ne, da masarar TELA ta 2024. To ba zai yiwu ka ƙi wake mai ɗauke da furotin ɗin Bt ka kuma yi maraba da fumfuna mai ɗauke da furotin ɗin kunama a kan cewa ita ta asali ce ba, fasaha guda ce. Ni ban ce kowa ya karɓa ido rufe ba, fumfunar da anka saki a fili ba a iya kiranta ta dawo, dole a yi tambayoyi masu zafi, kuma doka ta ce sai hukumar NBMA mai sa ido kan GMO, da anka kafa a 2015, ta amince kafin a saki irin wannan a Najeriya. Amma a yi musun a kan abin da yake, ba a kan suna mai daɗin ji ko mai ban tsoro ba.

In ma an tsallake duk wannan, saura zafinmu. Abu mai rai ko furotin ba ya son a ajiye shi a shagon kwano cikin watan Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, ga wuta ba tabbas balle a ce firji. Saura farashi, don manomin da ke ƙirga kuɗin fetur na injin ban-ruwa ba zai sayi abin da ya ninka kwalbar da ya saba tsada ba kuma ya fi ta jinkiri. Green Muscle ɗin nan da ba a sauya mata komai ba, tana aiki, ba ta cutar da tsuntsu ko dabba, amma saboda sai fara ta yi sati ɗaya zuwa biyu kafin ta mutu, an daɗe ana fama kafin hukumomi su rungume ta. Kuma ba kowace annoba ce ta ƙwaro ba, jan-baki da ke sauka kan shinkafa tsuntsu ne, wanga dafi ba ruwansa da shi.

Inda nake ganin muna da abin yi shi ne wajen binciken kansa. Dubi sunayen da ke cikin labarin nan, kunamar Arewacin Afirka, ta Gabas ta Tsakiya, ta Indiya, ɗaya tilo ta yankinmu kuma a Meziko anka buɗe sirrinta. Alhali ko wane nau'i da irin haɗin dafinsa, kuma irin wannan aiki ba ya son galan, 'yan miligiram sun isa, da na'urar rarrabe furotin da ɗalibi mai haƙuri. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga ta tarayya a Birnin Kebbi, ga Ɗanfodiyo a Sakkwato da daɗaɗɗen sashen nazarin halittu. Ko tantance nau'o'in kunamar da ke tsakanin Kamba da Zuru kawai anka yi, a san wacce ce wacce, likitan da ake kai wa yaro da harbi cikin dare ma zai amfana tun kafin a zo maganar gona. Kafin nan dai, waken da ke sito buhun PICS mai leda biyu a ciki yana riƙe shi ba tare da ɗigon fiya-fiya ba in an ɗaure bakin da kyau, 'ya'yan dogon yaro da anka daka anka jiƙa kuma suna rage tsutsa da darɓa in an fesa da yamma kuma an maimaita, don shi ma rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki.